Jinyar mai shanyewar ɓarin jiki: inda tausayi ke yin ɓarna

Wanda ya daɗe a aikin jinya ya san ba a cika ganin mai shanyewar ɓarin jiki da danginsa suka yi watsi da shi ba. Wanda aka fi gani shi ne wanda ƙauna ta yi wa illa. An sallamo shi daga asibiti, an shimfiɗa masa katifa a ɗaki, kowa na cewa "ku bar Baba ya huta", ana ɗauke masa komai. Bayan 'yan makonni sai a dawo da shi da gyambo a ƙugu, ko tari da zazzaɓi, ko kafaɗar da ba ta taɓuwa don zafi.

Gyambon kwanciya ne kan gaba. Inda ƙashi ya danne fata a kan katifa jini ba ya ratsawa, naman wurin sai ya fara mutuwa tun daga ciki. Shi ya sa ake juya mara lafiya duk bayan awa 2, dare da rana, ko da barcinsa ya yi daɗi. Ba a kwantar da shi kai tsaye a kan ƙashin kwatangwalo. A ɗan karkata shi, a tokare bayansa da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa, wani kuma a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta tashi daga katifa. Kullum a duba ƙasan baya, kwatangwalo, dunduniya da gwiwar hannu. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a nemi wurin da ya ƙara duhu, ko ya fi kewayensa ɗumi ko tauri. In an samu, kada a murza shi da man zafi, murzawar ƙara lalata naman take yi. A dai hana shi kwanciya a kan wurin, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari kuma a rufe ta da zani busasshe marar tattara.

Wajen ciyarwa ma haka abin yake. Mai jinya na tausayin tayar da shi, sai ta ɗura masa ruwa yana kwance. Cutar kan raunana haɗiya, abin sha ya bi hanyar numfashi, ya zama ciwon huhu. A zaunar da shi sosai, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Da yawansu sun fi ƙwarewa da tsurar ruwa fiye da kunu mai kauri. In yana tari ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure maƙogwaro, a dakata, a sanar da likita. Bayan ya gama a duba kuncin ɓarin da ya shanye, don abinci kan maƙale a can bai sani ba, sannan ya zauna kamar minti 30 kafin ya kwanta.

Hannun da ya shanye ba a jan mutum da shi, kafaɗar kan goce. In za a sa riga da shi ake farawa, in za a cire shi ne na ƙarshe. Masu gashi da ruwan zafi su fara gwadawa a jikinsu, shi ba lallai ya ji ƙuna ba.

Darasin da ya fi wuyar karɓa a wurin dangi shi ne su naɗe hannunsu, su bar mara lafiya ya yi da kansa. Sauƙin da ake samu ya fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko, kuma da motsi yake zuwa. In zai iya riƙe kofi, a bar shi ya riƙe, ko da rabin ruwan zai ƙare a rigarsa. Tsayawa kana kallon mahaifinka na fama da maɓallin riga akwai ciwo, amma wannan faman shi ne maganin. A bi abin da 'yan fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu gashi da motsa gaɓoɓi, suka tsara, kuma kada a ajiye maganin hawan jini don an ga sauƙi.

Sai 'yan dubiya. Wanda ɓarin damansa ya shanye sau da yawa magana kan ɗauke masa, amma fa yana iya jin abin da ake faɗa, ya kuma gane. A cika ɗaki ana "wayyo, dubi yadda ya koma", ana lissafa waɗanda cutar ta kashe, duk a kunnensa. Gara mutum biyu su shigo, su zauna daidai fuskarsa, su ce "Baba, ya jiki?", su yi tambayar da za a amsa da i ko a'a, su jira amsa ba tare da ƙarasa masa zance ba. Kusan 1 cikin 3 na waɗanda suka tsira daga wannan cuta kan faɗa ciwon damuwa. Ƙin abinci da juya wa mutane baya ba taurin kai ba ne, abin faɗa wa likita ne. A taimaka masa ya yi alwala ko taimama, ya yi sallarsa a zaune ko a kishingiɗe, a riƙa neman shawararsa kan harkar gida kamar da.

Juyin awa 2 ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma galibi matarsa ko wata 'yarsa ake bar wa. Wadda ba ta yi barci ba dole ta yi tsawa, ta kuma manta magani. A rubuta jadawali a manna a bango, da sunan mai kwana da na mai yini, 'ya'ya maza ma su shiga ciki, musamman wajen ɗagawa da wanka.