Mutum na goma

Alhamis da dare, Leeds.

Ban gama azkar ɗin asuba ba na ji ƙwanƙwasar sandar Baba a ƙasan bene. Baba shi ne mai gidan da nake haya a samansa. Bayahude ne, ya haura tamanin, yau kwana 23 da rasuwar matarsa. Mutumin da ya saba ɗaukarsa a mota mura ta kwantar da shi, ga ƙanƙara ta daskare a kan titi. Na leƙo na ce, "Baba, ina zuwa a wannan duhu?" Ya ce shul, haka suke kiran majami'arsu. Na ce ya tsaya in sa rigar sanyi, don ba zan zauna a ɗaki in ji labarin ya karye a hanya ba.

Tafiyar minti goma ce, muka yi ta a kusan rabin awa. Yana riƙe da hannuna yana ba ni labarin kakansa, tela, wanda ya taso daga Lithuania ya sauka a Leylands, unguwar talakawa ta wancan zamani. Daga can jama'arsu suka matsa Chapeltown, daga baya suka hauro Moortown da Alwoodley. Ya sake tuna mini, karo na nawa ban sani ba, cewa a kasuwar Kirkgate ta garin nan Michael Marks ya kafa teburinsa a 1884, teburin da ya zama babban kantin nan Marks & Spencer. Sai ya yi shiru, ya ce yanzu yaran duk sun watse, wasu Manchester, wasu Landan, wasu Isra'ila.

Akwai mai gadi a ƙofa, da kyamara. Ya dube ni sama da ƙasa, har Baba ya ce tare muke. Ban ji haushi ba. Wani ya miƙo mini ƙaramar hular da suke ɗorawa a tsakar ka, sai ya ga zanna-bukar ɗina, ya yi dariya ya mayar da ita cikin kwando.

Na zauna a kujerar baya. Dattawa ne kusan duka. Kowa ya yafa farin mayafi mai tuntaye a kusurwoyi huɗu, sannan ya fito da wasu ƙananan akwatuna biyu na baƙar fata, ɗaya a goshi, ɗaya a damtse, ana naɗa igiyarsa sau bakwai a hannu. Tefilin sunansu, ayoyin Attaura ne a ciki. Wallahi kambun da na taɓa gani a damtsen wani mafarauci a ƙauyenmu ya faɗo mini a rai, amma na kama bakina.

An fara karatu, can sai aka tsaya. Wani mai gemu, wanda da alama shi ke kula da tsarin wurin, ya bi mutane da ido yana motsa leɓe. Su ba sa ƙirga mutum da ɗaya, biyu, uku. Akwai wata aya a Zabura mai kalmomi goma cif a Ibrananci, ita ake rabawa, kowa kalma ɗaya. Da idonsa ya zo kaina ya yi murmushi ya tsallake. Ayar ta tsaya a kalma ta tara.

Sai a nan na fahimci abin da ya fito da Baba cikin ƙanƙara. Akwai addu'ar da mai makoki yake yi, Kadish, kuma ba a yinta sai an cika minyan, wato Yahudawa goma balagai. A irin wannan majami'a ta masu riƙe da tsohuwar hanya maza kaɗai ake ƙirgawa, a wasu kuma har da mata. Wanda matarsa ta rasu yana yi kwana talatin, wanda ya rasa uwa ko uba wata goma sha ɗaya. In ba a cika goma ba, babu Kadish, kuma ba za a fito da Attaura ba, alhali Litinin da Alhamis ranakun karatunta ne.

Muka zauna jira. Mai gemu ya fita da waya a kunne. Wani likita yana ta duba agogo, amma bai tashi ba, domin in ya tashi sun koma takwas. Baba bai ce komai ba, yatsunsa kawai ke wasa da tuntayen mayafinsa. Ni kuwa ga ni zaune da raina da lafiyata, ba ni da amfanin komai a lissafin. Ban ga laifinsu ba. Mu ma ba ma cika sahu da wanda ba ya salla.

Wajen minti ashirin sai ga wani yaro ya faɗo da kayan makaranta, jaka a baya, barci bai gama sakin idonsa ba. Ba zai wuce sha huɗu ba. A wurinsu namiji ya cika sha uku ya shiga lissafi. Dattawan nan suka yi masa caa da sannu kamar wani basarake ya iso, shi kuma sai sunkuyar da kai yake.

Abin da ya biyo baya ban gane yawancinsa ba, sai guntaye. Suna fuskantar Ƙudus. Sun rufe ido da hannun dama suna faɗin Shema, ayar shaidar kaɗaitar Ubangiji, inda kalmar ƙarshe, ehad, ta yi mini kama da ahad ƙwarai. An buɗe labule aka ɗauko Attaura, naɗaɗɗiyar fata rubutun hannu, babu wasali ko ɗaya, mai karatu yana bin layi da ɗan tsinken azurfa don kada yatsa ya taɓa rubutun. Ya yi tuntuɓe a wata kalma, mutum uku suka gyara masa a tare da ƙarfi. Na kusa yin dariya, sai ka ce tahajjud a masallacin unguwarmu. Wani kuma ya zaga da gwangwanin tsedaka, sadaka ke nan, na jefa fam ɗaya.

Daga ƙarshe Baba ya miƙe, bai ko taɓa sandar ba. Muryarsa na rawa, yana faɗa suna amsa masa da amen. Na tambaye shi daga baya me addu'ar ke cewa game da mamaci. Ya ce ko kalmar mutuwa babu a cikinta, girmama sunan Ubangiji ne daga farko har ƙarshe, kuma da harshen Aramaik take.

Ina nan ƙasar Alhaji ya rasu bara. Jana'izarsa a WhatsApp na gani, sahu-sahu a ƙofar gida. An yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, duk ba ni. Na yi kukana ni kaɗai a ɗakin sama, matar Baba ce ma ta hauro mini da miya a ranar. Yau da na ga mutum tara sun jinkirta aikinsu saboda tsoho ɗaya ya samu masu amsa masa, sai da na fita waje na sha iska.

Na san in na ba wasu abokaina labari, maganar Gaza za su fara yi mini. Ni ma tana ci mini rai, Baba ya sani, mun taɓa yin musu a kanta har muka kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yau dai ba ita ta kai ni ba.

A hanyar dawowa ya tambaye ni ko mu ma sai an cika goma. Na ce a'a, mu mutum biyu ma jam'i ne, Juma'a ce malamai suka yi saɓani a kan adadinta. Ya ce, "To kai me ya sa kullum nake jin ka kana yi kai kaɗai a sama?" Na ce masallacin da nisa, Baba. Ya dubi sandarsa, ya dube ni, bai ƙara ba.

Mai motar har yanzu bai warke ba. Saura kwana bakwai a cika talatin. Na saita agogo ƙarfe shida saura kwata.