Makullin kwaɗo a aljihun Baba

Shekara tara na yi ina aikin sadarwa a Zamfara, ina zagayen turakun sabis daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda, Talata Mafara har Anka. A takarda ni injiniyan sadarwa ne, amma yawancin kiran da ke tashina cikin dare ba na eriya ba ne. Janareto ne ya mutu, ko man gas ya ƙare, ko batura sun gaji, ko na'urar da ke mayar da wuta zuwa bolt 48 ta ƙone. Tun lokacin na gane cewa wuta ce uwar aikin, sai zuciyata ta fara karkata can.

A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, muka shafe makonni muna zaune. A wannan zama na yanke shawara. Na kakkaɓe littattafan lantarkin da na ajiye tun ina ɗalibi a Ƙaura Namoda, na koma karatu bayan sallar isha'i. Shekarar da ta biyo baya na samu aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kebbi, a kan albashin da bai kai wanda na baro ba. Mahaifina ya ce mini in dai na yi istihara, in tafi. Maiɗakina kuwa ita ta ɗauki nauyin haƙurin.

Na iso da tunanin cewa ai wuta na sani. Ashe wutar da na sani ta bolt 48 ce, wadda mutum kan taɓa wayarta da hannu ya ci gaba da hira. A nan layin kilobolt 33 ne ke shigowa cikin harabar kamfani, taransifomarmu ta sauko da shi zuwa bolt 415 kafin ya isa ga injinan casa. Wutar kilobolt 33 ba ta jiran ka taɓa ta, kusantarta kaɗai ya isa ta tsallako.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gaggawar da aikin sadarwa ya cusa mini. Can ana auna mu ne da mintuna: turke ya mutu, agogo ya fara, manya na kira daga ofis. Maganin farko kullum ɗaya ne, kashe ka kunna. In bai yi ba, ka sake. Ba abin da za a yi asara sai kiran waya.

Wata ranar damina, a watana na uku, iska ta jefa reshen darbejiya a kan layinmu, babban makunni ya faɗi. Shanshera na cikin tukunyar turara, manaja na tsaye a kaina yana lissafin buhunan da za su lalace. Aka ce mini yara sun cire reshen. Na nufi ɗakin makunni da sauri, sai na tarar da kwaɗo a kulle a jikinsa, da jan kati a rataye. Dattijon da muke kira Baba, wanda ya fara hawan falwaya tun zamanin NEPA, yana zaune a kan benci.

"Baba, a ba ni makulli, an gama."

"Injiniya, wa ya ce maka an gama?"

"Yanzu direba ya gaya mini."

"Direba ne ya karɓi takardar izinin aiki a hannuna? Mutum uku na tura, biyu na gani da idona. Zauna, ɗana."

Na zauna, raina a ɓace. Bayan kamar minti goma sai ga na ukun ya shigo, gumi sharkaf, a kafaɗarsa ga wayar da ake haɗa layi da ƙasa da ita don kare mai aiki. Ashe bayan cire reshen ya hango wani kofin tangaran da ke riƙe waya a kan falwaya ya tsage, ya koma sama ya duba. Lokacin da nake neman makulli, yaron nan na kan falwaya. Baba bai ce mini komai ba. Ya karɓi takarda, ya sa yaron ya sa hannu, ya ƙirga wayoyin ƙasa ya ga sun cika, sannan ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin. Hannuna na rawa na buɗe kwaɗon. Daren nan ban yi barci ba, ina ta tunanin uwar yaron.

Daga ranar na daina kallon ƙa'idar a matsayin ɓata lokaci. A yanke wuta, a kulle, a gwada a tabbatar layi ya mutu, a ɗaure shi da ƙasa, sannan a hau. Ban ƙara yarda da "an ce" ba, ko da daga bakin wanda ya girme ni a muƙami ne.

Na kuma fara ganin girman abin da na shiga. Wutar da ke juya injinanmu tana tasowa ne daga madatsar ruwan Kainji, ta biyo layin kilobolt 330 zuwa Birnin Kebbi, inda wani layin ke wucewa Sakkwato, wani kuma ya tsallaka har Yamai. Saƙon waya in hanya ta cushe yana iya jira a layi. Wutar babban layi kuwa ba ta da rumbu, abin da ake sha da abin da ake samarwa dole su yi daidai a kowace daƙiƙa, in ba haka ba bugunta ya kauce daga 50 a daƙiƙa, komai ya zube. Wannan har yanzu yana ba ni mamaki.

Shekarun sadarwa ma ba su tafi a banza ba. Na'urorin kariya da ke faɗar da makunni in an samu matsala da batura suke aiki, kuma na tarar ba wanda ya damu da su. Ni kuwa batura ne abokan rayuwata. Na auna su ɗaya bayan ɗaya, na samu huɗu sun mutu, na buɗe littafin da muke rubuta awonsu duk ranar Litinin. Baba ya ja bencinsa kusa da ni, ya gyara tabarau, ya ce, "To Injiniya, nuna mini yadda kake gane wanda ya gaji."

Makon jiya wani tsohon abokin aikina ya kira daga Gusau, yana so ya biyo sahuna, yana tambayar wane kwas zai fara. Na faɗa masa littattafan da zai nema da batun rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, na kuma ce ya zo ranar Asabar. Za mu sauke taransifoma don canja mata mai, kuma Baba ne zai riƙe makulli.