Gurbi huɗu kacal ake ba ka

Lokacin dogon yajin aikin jami'o'i na 2022 ne na faɗa harkar nan, wata takwas muna gida tun daga Fabrairu har Oktoba, ni kuma ɗalibin lissafi ne a aji biyu, littattafan na buɗe su na rufe har na gaji. Yayana, ɗan wan babanmu da yake gyaran waya a kasuwa, shi ne ya nuna min Pokémon Showdown a wayarsa. Shafi ne na intanet kyauta, ba sai kana da Nintendo Switch ba, ba ya kuma cin data sosai, kawai ka haɗa dodanninka shida ka danna a haɗa ka da wani mutum a ko'ina yake a duniya. Ni da na san gem ɗin tun ina yaro a irin wanda ake bin labari ana kama dodanni a daji, na ɗauka abu ɗaya ne, ashe karatu ne sabo fil za a fara min.

Kowane dodo dabara huɗu kawai ake yarda ya riƙe, ko da kuwa ya iya guda tamanin. Huɗu, shikenan. Ni kuwa Garchomp na fi so, sai na buɗe jerin abin da ya iya na zaɓo waɗanda lambarsu ta fi girma, na sa masa Earthquake da Outrage da Dragon Claw da Giga Impact, duka huɗun duka ne, na ji a raina babu mai tare wannan. Wasa na farko da na biyu na ci, a na uku wani ya turo min Corviknight, tsuntsun nan na ƙarfe. Earthquake ba ya taɓa shi kwata-kwata tunda a sama yake, sauran ukun kuma ƙarfe yana rage musu ƙarfi da rabi, ɗan abin da na ɗebe masa sai ya yi Roost ya mayar da jininsa, ina zaune a kan benci a shagon Yaya ina ta danne-danne zagaye wajen goma har Garchomp ɗin ya faɗi bai yi komai ba. Wallahi abin ya ci min rai sosai.

Yaya yana riƙe da abin narka dalma yana haɗa caja-fot ɗin wata waya, bai ma ɗago ba ya ce, "Miƙo in gani." Ya duba ya ce, "Kai ƙanena, Outrage da Dragon Claw ai aiki ɗaya suke yi, ka ɗauki ma'aikata biyu ka ba su shebur ɗaya. Wannan gurbin na huɗu, wa ka ajiye shi ya kashe?" Na ce ban gane ba Yaya. Ya ce in koma in rubuta sunan duk dodon da yake iya tsayawa gaban Garchomp ya sha duka bai motsa ba, sannan mu yi magana.

To wannan tambayar ita ce ta zauna min har yau, wa ka ajiye shi ya kashe. Daga ranar na sayi littafi mai layi na fara rubutu, kuma abin da na fara ganewa shi ne ba a zaɓen bugu dan yana da ƙarfi, ana zaɓensa ne dan akwai wani takamaiman abokin gaba da aka tanadar masa. Earthquake dole ne ya zauna, tunda Garchomp irin Ƙasa ne kuma duk bugun da ya dace da irin dodo ana ƙara masa rabin ƙarfinsa, 100 ya koma 150. Bugun Dragon guda ɗaya ya isa. Saura gurbi biyu, a nan ne rigimar take, ko ka sa Swords Dance ya ninka ƙarfin dukansa, ko Stealth Rock, ko Stone Edge saboda masu tashi, ko Fire Fang saboda Corviknight da Ferrothorn, kuma duk wanda ka ɗauka akwai wanda ka bari, wanda ka bari ɗin nan akwai ranar da za ka neme shi ido rufe ba ya nan.

Na yi kusan sati biyu ina ta juya gurbin nan na huɗu ina so Garchomp ya iya da kowa shi kaɗai, in sa Fire Fang yau, gobe Clefable ta shigo ta shanye bugun Dragon tunda irin Fairy ba ya jinsa sam, in cire in sa wani abu, Corviknight ya dawo. Sai daga baya na fahimci inda na yi kuskure, ina neman maganin a jikin dodo ɗaya alhali shida nake da su. Na kawo Magnezone, wanda yake da baiwar Magnet Pull, duk dodon ƙarfe da ya tsaya gabansa ba ya iya janyewa sai dai in yana da irin su U-turn, bugun da yake janye dodo bayan ya daka, ko Shed Shell, abin riƙewa da yake ba shi damar janyewa, ga shi kuma lantarki yake bugu da shi wanda tsuntsu ba ya so. Sai ya zamana aikin Garchomp a farkon wasa shi ne ya leƙo kawai ya jawo Corviknight waje, ni kuma in sauya zuwa Magnezone a daidai wannan zagayen, in tsuntsun ya faɗi hanya ta buɗe, Garchomp ya dawo ya yi Swords Dance ya share sauran. Ranar da dabarar nan ta fara ci min hannuna har rawa yake yi, na kai wa Yaya wayar ya kalli wasan daga farko, ya ce, "Yauwa, yanzu ka fara wasa."

Stealth Rock kuma da farko raina shi na yi, a ce ka ɓata zagaye guda ba ka daki kowa ba. Tun zamanin Diamond da Pearl na 2006 yake cikin gem ɗin, duwatsu ne ake watsawa a filin abokin karawa, duk wanda ya shigo sai sun ɗebe masa kashi ɗaya cikin takwas na jininsa, in kuma yana da rauni ga Dutse abin ya ninka, irin su Volcarona da Charizard rabin jininsu ne ke tafiya daga shigowa kawai. A wasan da ake canji sau ashirin ko talatin ka lissafa ka gani. Shi ya sa ake ɓata gurbi guda a sa Defog ko Rapid Spin dan share su, wasu kuma su sa wa dodon takalmin nan Heavy-Duty Boots da yake hana duwatsun taɓa shi, ya haƙura da duk wani abin riƙewa tunda ɗaya kawai ake ba shi.

Inda karatuna na makaranta ya shigo sosai shi ne wajen gudu da wajen sa'a. Akwai makin horo da ake ce wa EV, 510 ake ba kowane dodo, ba a zuba sama da 252 a waje ɗaya, sannan akwai hali, wanda yake ƙara kashi 10 a wani fanni ya rage kashi 10 a wani. Ni Adamant na sa wa Garchomp saboda ƙarfi, dukansa ya tashi daga 359 zuwa 394, ina jin daɗi. Amma gudunsa a haka 303 ne a mataki na 100, da Jolly na sa da ya kai 333, su kuma dodannin da asalin gudunsu 100 ne in an cika musu suna tsayawa a 328. Ka ga kenan maki biyar ne tsakani, kuma wanda ya riga ko da maki ɗaya ne shi zai fara bugu, babu wani rabi-rabi a ciki. Volcarona ta riga ni sau uku a dare ɗaya kafin na zauna da kalkuleta na gane ba rashin sa'a ba ne, ni ne na sayar da gudun na sayi ƙarfin da ban samu damar amfani da shi ba.

Ita sa'ar ma haka. Ina da Tapu Lele mai Focus Blast, ƙarfinsa 120 amma kashi 70 cikin ɗari yake samu, kuma kullum in ya kuskure sai in ce gem ɗin ne ya cuce ni. Wani dare ina buƙatar ya samu Heatran sau biyu a jere in ci wasan, na farko ya samu na biyu ya wuce ta gefe, na kife wayar a kan katifa raina a ɓace. Da na huce na ɗauko biro, 0.7 sau 0.7 ai 0.49 ne, wato tun kafin in danna na riga na fi kusa da faɗuwa fiye da ci, abin da malaminmu ya koyar da mu tun aji ɗaya ne amma ban taɓa jinsa a jikina ba sai ranar. Haka bugun nan na bazata mai ƙarin ƙarfi, ɗaya cikin 24 ne, kamar ba komai ba, amma in ka bari aka dake ka sau 30 a wasa ɗaya yiwuwar a samu ko guda ya kai kusan kashi 72. Dan haka mai jan wasa ya yi tsawo yana ta warkar da kansa, ya sani shi ma caca yake yi, a hankali ne kawai. Da muka koma makaranta a ƙarshen shekarar, kwas ɗin da ya shafi yiwuwar aukuwar abu shi ne wanda na fi samun sauƙinsa, dan duk tambayar da aka kawo sai in ga kamar na taɓa rasa wasa a kanta.

Wasan dodo biyu-biyu na gasar hukuma, VGC, ban daɗe a cikinsa ba, shi ana zuwa da shida a zaɓi huɗu, kuma kusan kowa yana ba Protect gurbi guda, dabarar da ba ta dukan kowa sai dai ta kare dodon daga duka. Amma labarin da ya fi burge ni daga can yake. A gasar duniya ta 2014 a Washington, Se Jun Park ɗan Koriya ta Kudu ya ɗauki kofi da Pachirisu a tim ɗinsa, wani ɗan ƙaramin kurege da babu mai kallonsa. Follow Me ya sa masa, da Nuzzle da Super Fang da Protect, aikinsa ya jawo duka kansa ya shanye dan abokin tafiyarsa ya samu sarari ya yi ɓarna. Ni a ganina wannan ya fi duk wani dogon bayani, mutumin nan ya san aikin da yake nema a yi masa tukuna, sannan ya je ya nemo mai yi. Shi ya sa ba na son ganin sabon shiga ya kwafo tim daga shafin Smogon, inda gwanayen wasan suke wallafa tim ɗinsu da bayani, ya shiga wasa bai tsaya ya karanta dalilin kowane gurbi ba. Kwafar ba laifi ba ce, ni ma na yi, kuma sun fi mu sani nesa ba kusa ba, amma in ba ka san wa aka ajiye wa bugun ba to ba za ka san lokacin da ya kamata ka ɓoye dodon ka hana shi mutuwa ba.

Littafin nan nawa yanzu na uku nake ciki. Duk wasan da na faɗi sai na sake kallonsa na rubuta zagayen da abin ya kuɓuce, kuma mafi yawa ba a ƙarshe ba ne, tun a allon farko ne inda ake nuna maka dodanni shidan abokin karawa, in na yi gaggawa ban tsaya na tambayi kaina wanne ne cikin nawa zai ci min wasan nan ba, sai in je in ba da shi a banza a zagaye na biyar.

Scarlet da Violet da suka fito a Nuwamban 2022 sun zo da Tera, dodo ya canza irinsa sau ɗaya a wasa, wannan ya rikita min lissafi da yawa. Shekaranjiya da daddare saura Kingambit kaɗai ya rage wa wani, ni ina da uku, na danna Earthquake ina ganin an gama, sai ya koma irin masu tashi bugun ya wuce ta ƙasansa, ya yi Swords Dance, ga kuma baiwarsa da take ƙara masa kashi 10 kan kowane ɗan'uwansa da ya faɗi, biyar sun faɗi, ya bi nawa ɗaya bayan ɗaya ya gama da su. Na rubuta shi a shafi na 41. Yanzu ina gwada Dragapult mai Will-O-Wisp, dabarar da take sa ƙuna, tunda Sucker Punch ɗin Kingambit ba ya kama wanda ba duka ya kawo ba, ƙuna kuma tana raba ƙarfin dukansa biyu, sai dai kashi 85 yake samu, kuma in mai Tera na Wuta na haɗu da shi ko mai riƙe da Lum Berry da take warkar da ƙunar, aikin ya ɓaci. Na tura wa Yaya tim ɗin jiya, ya ce in bari sai ya tashi daga kasuwa mu buga guda biyar mu gani.