Sabuwar bindiga da tsohon yayi: aikin shagonmu a Arizona

Shagona yana gefen garin Prescott a jihar Arizona ta Amurka, kuma mu uku ne a ciki: ni, da wani matashi da yake koyon aiki a hannuna, sai maiɗakina da take riƙe da littattafai da lissafi. Aikinmu guda ɗaya ne. Mukan ɗauki ƙaramar bindigar hannu, wato fistol, mu bi ta da gyaran hannu daga baki har ƙota, ta fito da siffar waɗanda gwanayen shekarun 1960 da 1970 suke yi. Ba ma jera bindigogi a kanta don sayarwa, ba ma taɓa manyan bindigogi. Mai abu ne yake kawo abinsa, ko ya sa a aiko mana da sabuwa, mu zauna da shi mu ji abin da yake so.

Ni jinin maƙera ne daga Kano. A gidanmu fartanya da lauje da gatari ake ƙerawa, in sallah ta matso a koma kan linzami da likkafa. Karatu ne ya kawo ni ƙasar nan, na yi shekaru ina aiki a masana'antar yankan ƙarfe, daga baya na shiga kwalejin Yavapai da ke nan Prescott, wadda take da sashen koyar da gyaran bindiga. Magagari kuwa tun ina yaro hannuna ya san shi, kuma har yau shi ne rabin sana'ata.

Yawancin abin da yake hawa teburina bindiga ce da ake kira 1911. John Moses Browning, mutumin Ogden a jihar Utah, shi ya tsara ta, sojan Amurka suka karɓe ta a watan Maris na 1911, daga nan ta samo sunanta. Irin wadda take cika kanta ce: ƙarfin harbin shi yake tura marfin sama baya, ya fitar da kwanso, ya ɗora sabon harsashi, amma ba za ta sake tashi ba sai an sake jan kunama. Harsashi bakwai gidanta yake ɗauka. Ta zauna a ƙugun sojan Amurka har 1985, lokacin da bindigar Beretta ta maye gurbinta. A yaƙin duniya na biyu buƙata ta fi ƙarfin kamfanin Colt mai ƙera ta, sai gwamnati ta rarraba aikin. Remington Rand mai yin tafireta shi ya fi kowa yawan ƙerawa. Har kamfanin Singer, mai keken ɗinkin nan da telolinmu suka sani, ya ƙera guda 500, kuma a yau wanda ya mallaki ɗaya daga cikinsu ya riƙe dukiya.

Salon da muke bi kuwa bayan yaƙi ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1950 wani tsohon hafsan soja, Jeff Cooper, ya fara shirya gasar harbi a Big Bear ta jihar Kalifoniya, masu gasar suka ga bindigar soja tana da ƙarko amma saitinta ƙanƙane ne, kunamarta da nauyi, ƙotarta tana santsi in hannu ya yi gumi. Suka riƙa kai ta wurin masu gyara. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Armand Swenson. A lokacinsa babu kasuwar kayan gyara irin ta yau, abin da yake buƙata shi yake ƙera shi. Yakan ciro saitin baya na bindigar Smith & Wesson mai juyi, ya sassaƙa masa mazauni a marfin 1911, ya mayar da zoben da ya kewaye kunama mai kusurwa, ya yi wa gaban ƙota zane, ya sa makullin da yake hana ta tashi ta ɓangare biyu don bahago. Shagon Pachmayr a Los Angeles ya fito da nasa salon mai launi biyu, ƙasa fari sama baƙi. Cooper da kansa ya dawo nan kusa da mu, a Paulden, ya buɗe makarantar harbi a 1976, wadda ake kira Gunsite. Shi ya sa yankin nan ya cika da masu wannan sana'a.

Tun da bindigar Glock ta fito daga Austiriya a farkon shekarun 1980, kasuwa ta karkata ga bindiga mai jikin roba: ba nauyi, ba tsada, tana ɗaukar harsashi da yawa, kuma gaskiya tana aiki. In mutum ya zo mini yana neman abin da zai tsare gida kawai, can nake tura shi. Waɗanda suke zuwa wurina wani abu suke nema. Akwai tsofaffin sojoji da suka riƙe 1911 a Biyetnam. Akwai wanda yana yaro yake ganin hoton aikin Swenson a mujalla, kuɗinsa bai kai ba, sai yanzu da furfura ta fito. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matasan da aka haifa bayan duk wannan, suna zuwa da hoto a waya suna cewa irin wannan sak suke so.

Aikin ciki shi muke fara yi, kuma ba shi da wani abin kallo. Sassan da masana'anta ta haɗa da sauri sai a zauna a daidaita su da juna, a shafa baƙin alli a ga inda ƙarfe yake gogar ƙarfe, a rage, a sake gwadawa, har marfi ya riƙa tafiya sumul ba girgiɗi. Kunama ba na yarda ta yi sauƙin da ya wuce kima. In bindigar ta ɗauka ce a jiki, nauyin janta ba ya yin ƙasa da kusan kilo biyu a shagona, ko mai ita zai yi fushi. Kunamar da take tashi da ɗan taɓi na iya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, kuma sunana ne a kan aikin.

Zanen gaban ƙota shi ne inda ake gane hannu. Layuka ne ake ja a kan ƙarfe, a tsaye da kwance, ashirin ko talatin a kowane inci, inda suka gitta juna sai ƙananan tsinaye su fito masu kama hannu. Injin kwamfuta yana yin wannan cikin ɗan lokaci, kuma yana yi da kyau. Amma mai son tsohon yayi na hannu yake biya. Nakan ɗaure gangar jikin bindigar a matsi, in sa tabarau mai ƙara girma, in ja layin farko. Duk aikin a kansa ya rataya, domin kowane layi na gaba na bayansa yake bi, in na farko ya karkace da kaurin gashi, kafin a kai ƙasa karkatar ta fito fili. Wurin kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne, lanƙwashe yake, dole hannu ya riƙa juyawa da shi. Bayan an gama jan layuka sai a dawo da siririn magagari mai kusurwa uku, a bi kowane kwari ɗaya bayan ɗaya har kan kowane tsini ya haɗu. Yakan ci mini kwanaki, kuma ba na yinsa da yamma in ido ya gaji. Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa.

Sai guga da rini, wanda shi ne abin da na fi so a duk sana'ar. Baƙin launin nan mai shuɗi-shuɗi da ake gani a tsofaffin bindigogin Colt ba fenti ba ne. Tsatsa ce iri ta musamman da ake tayarwa da gangan a fatar ƙarfe, ta zama baƙa, kuma siririya ce ƙwarai, ba ta ɓoye komai. Duk ƙarzanen da ka bari a ƙasa zai fito a sama. Don haka kyan rini a guga yake. Gefen marfi shimfiɗaɗɗe ne, sai a naɗe samfefa a jikin katako mai faɗi, a riƙa ja ta hanya ɗaya, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Wanda ya yi gaggawa ya kai ta kan injin guga mai juyawa, nan take aikin zai tona shi: kusurwoyi su dulmuye, bakin ramuka ya zurma, rubutun kamfani ya shafe kamar an ja shi. Daga nesa tana walƙiya, a hannun wanda ya sani kuwa ta lalace. In guga ta yi daidai, aka fito da ita daga tukunyar rini aka shafa mai, launin da take bayarwa a rana bai da maraba da rawanin ɗan Kura da ya sha bugu. Fentin zamani da ake fesawa ya fi wannan jure gumi da ruwa, ban musa ba, amma yana rufe aibi, shi ya sa shaguna da yawa suka koma gare shi.

Akwai aikin da ba na karɓa ko nawa za a biya. Wani dattijo ya taɓa shigowa da bindiga naɗe a tsumma, ta mahaifinsa ce da ya dawo da ita daga yaƙi, ƙirar Remington Rand. Launinta toka-toka ne na soja, ya koɗe a inda hannu yake kamawa da inda kube yake goga. Yana so in sa mata sabon saiti, in yi mata zane, in rina ta ta yi ƙyalli ya bar wa jikansa. Na ce masa, "Baba, wannan koɗewar da kake so in goge, tafin hannun mahaifinka ne ya yi ta. In na sa magagari a nan, ba mai iya mayar da ita." Ya yi shiru, ya ce to me za a yi. Muka wanke ta, muka shafe ta da mai, muka sauya sifirin da ya mutu muka ajiye masa tsohon a leda. Daga baya ya sayi sabuwa mai sauƙin kuɗi, a kanta muka yi duk abin da yake so. Sababbi suna nan birjik, daga Colt da Springfield Armory har na Tisas da ake yi a Turkiyya. Tsofaffin kuwa an gama yin su, kullum raguwa suke, kuma masu gyara na baya sun riga sun yanka da yawa.

Bayan 1911, wadda ta fi zuwa ita ce Browning Hi-Power. Browning ya rasu a Beljiyam a 1926 bai gama ta ba, Dieudonné Saive na kamfanin FN ya kammala, ta fito a 1935 da gidan harsashi goma sha uku. Ɓangarorin biyu duka sun yi yaƙin duniya na biyu da ita, sojan Ingila kuma sun riƙe ta har 2013. Da aka daina ƙera tsohon samfurin a 2018 sai mutane suka farga, farashi ya tashi, wasu kamfanoni suka shiga yin irinta. Ta fi 1911 wuyar zane, domin ƙarfen gaban ƙotarta siriri ne, wasu kuma lambar rajista a nan take, kuma doka ta hana taɓa lamba.

Ƙota da katakon goro na Turawa muke yi, wanda ake kira walnat, da zanen lu'ulu'u biyu a kewayen sukurori kamar yadda Colt yake yi a farko. Masu tambayar hauren giwa ba sa ƙarewa, don shi ne adon manya a da. Tun 2016 Amurka ta kusan rufe cinikin hauren giwar Afirka gaba ɗaya, kuma ni na yi murna da hakan. Ƙaho da ƙashi suna nan ga mai son fari.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar rufin asiri ce. Cikakken aiki yakan kai dala dubu uku zuwa biyar, wanda ya ji sai ya ɗauka muna kwasa, amma in aka raba da makonnin da ya ci, aka cire kayan aiki da inshora da haya, abin da ya rage bai wuce albashin ma'aikacin masana'anta ba. Mai kawo aiki yakan jira fiye da shekara. Na gwammace in faɗa masa haka tun farko ya tafi wani wuri da in yi masa alkawarin da zan saɓa.

Takardu kuma nasu nauyin daban. Ba a buɗe irin wannan shago sai da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindiga, a ƙarƙashin dokar bindiga ta 1968. Duk bindigar da ta kwana a shago sai an rubuta ta a littafin rajista, da lambarta da sunan mai ita da ranar da ta fita. Wanda zai karɓi sabuwa sai ya cika fom, a bincika tarihinsa ta tsarin FBI da aka fara a 1998, kuma fistol ba ma miƙa wa wanda bai kai shekara 21 ba. Jami'ai na iya zuwa duba littafin. Maiɗakina ba ta barin mu rufe ƙofa da yamma sai ta ƙirga abin da ke cikin akwatin ƙarfe ta ga ya yi daidai da abin da ke rubuce.

Daga gida ma kira yana zuwa. Wani ƙanena ya bugo mini bayan an sace mutane a hanyar da yake bi zuwa kasuwa, murya tana rawa, ya ce, "Yaya, kai da kake cikin abin nan, ba za ka san yadda za ka yi ka turo mini ko guda ɗaya ba?" Na san tsoronsa na gaske ne, na san abin da mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato suke gani. Na ce masa, "Ƙanena, wallahi ba zan iya ba, kuma ko da hanya ba zan yi ba." Fitar da bindiga daga Amurka ba izini laifi ne mai kai mutum kurkuku, a Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, in aka kama shi da ita shi zai kwana a ciki. Bayan wannan, bindigogin da suka hana ƙauyukanmu barci ta ɓarauniyar hanya suka shigo, ba zan ƙara ko ɗaya a kansu ba. Na tura masa kuɗin da zai riƙa bin motar da take tafiya cikin ayari da rana, na ce ya rage zuwa kasuwar har abin ya lafa. Bai ji daɗi ba a ranar, ya ɗauki lokaci kafin ya sake kirana.