Tsohuwar mota da wayoyin da ba nata ba

A aikin wayarin, tsofaffin motoci ne suka fi koya mini karatu, kuma karatun kusan guda ne kullum: wayar da kamfani ya sa ba kasafai take ba da matsala ba. Ko Fijo 504 ce ta Kaduna, inda aka fara haɗa Fijo a 1975, ko Marsandi W123 da Jamusawa suka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, idan an kawo ta tana warin ƙuna, ko batir yana mutuwa cikin dare, sai ka tarar ɓarnar tana cikin abin da aka ƙara daga baya. Rediyo, ham mai ƙara, fitilun hazo, cajar waya, kowanne da wanda ya haɗa shi, kowa ya feƙe wayar da ta fi kusa da hannunsa ya ɗaura tasa ya naɗe da salatif. Maigidan da na koyi aiki a hannunsa a Mabera yakan leƙa ƙarƙashin sitiyari ya girgiza kai ya ce, "Wagga mota ba ta da laihi, hannuwan da sunka taɓa ta su ad da laihi."

Saboda haka idan mai mota ya ce a zare wayarin gaba ɗaya a sake sabo, nakan ba shi haƙuri tukuna. Sai na cire kan batir, na bi kowace baƙuwar waya daga farkonta zuwa ƙarshenta, na fitar da ita. Gane baƙuwa ba wuya a motar Jamus, domin suna da tsari: waya mai ruwan ƙasa ita ce at, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. Lamba 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 kuma at. Ranar da na haddace waɗannan lambobi uku na daina lalube cikin duhu. Galibi bayan an gama cire-ciren, abin da ya rage na gyara bai wuce 'yan wayoyin da robarsu ta bushe ta tsage ba, musamman na kusa da inji, inda zafin inji ya haɗu da na bazarar Sakkwato mai haura digiri 40, da kuma waɗanda ɓeraye suka gaigaye lokacin da motar ke ajiye.

Maganar hita kuwa, wanda bai san garin nan ba zai yi dariya. Amma wanda ya taɓa kama hanyar Illela bayan sallar asuba a watan Janairu ya san hunturu ba wasa yake ba, kuma da damina gilashin gaba yakan yi raɓa ta ciki har direba ya koma goge shi da hannun riga. Motocin da aka shigo da su daga Turai sun zo da hitarsu. Ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, ruwan zafi daga inji yana bi ta cikinsa, fanka tana hura ɗumin cikin mota. Wutar da yake ci ba ta wuce ta fankar ba. Da zarar ya fara yoyo, sai makanike ya cire bututun robar biyu ya haɗe su da juna, shi ke nan an rabu da hita. Shekaru su wuce, a manta motar ta taɓa yin ta.

Daga nan sai wani ya sayo wa Alhaji ƙaramar hitar lantarki ta kasuwa, irin wadda ake sokawa a ramin kunna sigari. Wani dattijo ya kawo mini Marsandinsa da irin wannan, robar gefen ramin ta narke. Lissafin a buɗe yake: hita mai wat 150 a kan bolt 12 tana jan amfiya 12.5, mai wat 300 kuma amfiya 25. Altanetar irin waɗannan motoci, wato na'urar da ke samar da wuta tana cajin batir idan inji na aiki, ba ta cika wuce amfiya 35 zuwa 55 ba, ga fitilu, ga fanka, ga cajin batir duk suna jira. Ɗumin da hitar ke bayarwa kuma da ƙyar yake isa gwiwa. Na ce, "Baba, ko ƙaramin dutsen guga na gida ya ninka wannan zafi sau da yawa. Ga ruwan inji can yana ɗauke da zafi kyauta." Ya yarda muka nemo ƙaramin lagireton daga wata da aka yanka, muka maido da bututun.

Abin da ya narkar da robar ya fi damuna. Fis ɗin layin ya riƙa ƙonewa, sai wani ya naɗa zaren tagulla a madadinsa. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a garejinmu, wasu ma takardar kwalin sigari mai ƙyalli suke cusawa. Fis waya yake karewa. An yi shi ne ya mutu kafin waya ta yi zafi, to in an hana shi mutuwa, wayar ce za ta ƙone, ita kuma tana ɗaure cikin dami ɗaya da sauran. A tsohuwar Marsandi fis ɗin dogaye ne masu tsini biyu, launinsu ke faɗin ƙarfinsu: fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25. Sa shuɗi a gurbin fari kusan daidai yake da naɗa tagullar, sai dai ya fi ta kyan gani. Tsinin nasu kuma yakan yi tsatsa, fitila ta riƙa kawowa tana ɗaukewa, a yi ta zargin altaneta alhali gogewa kawai wurin ke so.

Wanda ya dage sai an ƙara masa wani abu mai cin wuta, ina yi masa, amma da layinsa daban: waya mai kauri daga batir, fis ɗinta kusa da kan batir ɗin, da rile, wato ɗan makunnin da wuta ke sarrafawa, wanda makulli ke kunnawa, don kada a kashe mota a bar abin yana zuƙe batir. Ba na amfani da wayar gida mai zare guda, girgizar hanya tana karya ta daga ciki. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai na sa zoben roba, in ba haka ba bakin ƙarfen zai ci robar wayar sannu a hankali. At ɗin ma sai na kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes. Da na gama nakan auna: batir mai lafiya a hutu wajen bolt 12.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4.

Akwai abu ɗaya da har yanzu nake musu da abokan aikina a kai. Da yawa suna cire tamostat, wato ɗan abin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, daga inji wai don garinmu na da zafi. Motar da aka yi wa haka ba ta saurin ɗaukar zafi da safe, ta fi shan mai, kuma ko ka maido mata da hitarta ta asali iska mai sanyi za ta yi ta hurawa har ka kusa Gwadabawa. Ta Baban nan ma haka muka tarar, sai da muka sa wani tamostat ɗin kafin ɗumi ya fara fitowa. Na zana masa layukan da na taɓa a takarda, da ƙarfin kowane fis, na ce ya ajiye a akwatin dashbod ya nuna wa duk wanda zai sake sa hannu a motar.