Sarakunan Rum da Hanyar Turare: Karatun Ɗalibi a Madina

Duk ɗalibin da ya zo Madina karatu daga ƙasar Hausa ya san Hiraƙlu, sarkin Rum, domin hirarsa da Abu Sufyan tana farko-farkon Sahihul Buhari, kuma kowa ya haddace cewa Dihyatul Kalbi ne ya ɗauki wasiƙar Manzon Allah (SAW) zuwa gare shi. Abin da darasin sira ba ya tsayawa a kai shi ne yadda aka yi Rumawa suka zama maƙwabtan Hijaz. Hiraƙlu ya hau mulki a shekarar 610, amma sarakunan da suka gabace shi sun shafe fiye da shekara 600 suna kwaɗayin wannan ƙasa, kuma su ne na riƙa bibiya a laburare bayan an tashi daga lacca.

Kwaɗayin nasu na turare ne. Akwai wani dattijo Bahaushe, haifaffen Madina, da muke sayen lubban a shagonsa. Yakan ɗora ƙwaya ɗaya a kan garwashi, ta narke tana tafasa, hayaƙinta fari ya cika shagon, sannan ya ce, "Ɗana, shaƙi wannan, na Oman ne." Wannan ƙaron itace shi ne Rumawa suke ƙonawa a gidajen bautarsu da wajen jana'izar manyansu, kuma ayarin raƙuma ne ke ɗauko shi daga kudancin tsibirin zuwa Sham, kowace masarauta ta yanki harajinta a hanya.

Agustus, sarkinsu na farko, wanda ya mulki daular daga shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa ta 14 Miladiyya, ya so ya kama tushen cinikin da ƙarfi. Ya tura gwamnansa na Masar, Aelius Gallus, da dakaru wajen dubu 10 zuwa Yaman. Marubuci Strabo, wanda abokin Gallus ne, ya ba da labarin cewa sun yi wata shida suna tafiya, suka yi wa wani gari na Yaman ƙawanya kwana shida, ƙishirwa ta kore su. Mutum bakwai kacal aka kashe musu a fagen fama. Cuta da yunwa da gajiya ne suka cinye rundunar. Strabo ya ɗora laifin a kan ɗan jagoransu, wazirin Nabaɗawa, Larabawan da ke da masarauta a arewacin tsibirin, amma a ganina wanda ya shiga sahara da sojan ƙasa bai san inda rijiyoyi suke ba, ba ya buƙatar maci amana kafin ya halaka. Da Agustus ya zo rubuta ayyukan mulkinsa, sai ya ce rundunarsa ta kai har Ma'arib, ya yi shiru a kan yadda ta dawo.

Sarki Tarajan ya fi shi dabara, domin a shekarar 106 ya haɗiye masarautar Nabaɗawa gaba ɗaya ya mai da ita lardi, ta haka Hijir, wato Mada'in Salih da ke arewa da Madina, ta shiga ƙarƙashin Rum. An tono wani dutse a can mai rubutun Latin na zamanin Sarki Markus Aureliyus, wanda ke bayanin gyaran gine-ginen garin. A tsibiran Farasan kuwa, daura da Jazan a Bahar Maliya, an sami wani rubutun na shekarar 144, zamanin Sarki Antoninus Piyus, da ke nuna cewa sojojin Rum sun yi sansani a wurin. Wannan ya fi ba ni mamaki, saboda nisan Farasan da birnin Rum. Maganar ziyarar Hijir, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu (AS), kan jawo muhawara a ɗakinmu, saboda hadisin da ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai da kuka, don haka da yawa cikinmu hotunan duwatsun kawai muka gani. Akwai ma Balarabe da ya hau gadon sarautar Rum, wato Filib, mutumin Shahba ta ƙasar Sham, daga 244 zuwa 249, kuma shi ya yi bikin cikar birnin shekara 1,000.

Da daular ta yi rauni, cibiyarta ta koma Ƙusɗanɗiniyya, sai sarakunan suka daina tura sojansu cikin sahara, suka koma biyan Larabawa su tsare musu iyaka. Wajen shekarar 529 Sarki Justiniyan ya ɗaukaka Harisu bin Jabala na Banu Gassan, Larabawa Kiristoci na ƙasar Sham, a kan sauran kabilun da ke yi wa Rum biyayya. Da wannan aka gane dalilin da ya sa rundunar da ta fuskanci Zaidu bin Harisa da Ja'afar da Abdullahi bin Rawaha a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, take cike da Larabawa Kiristoci. Mutanen Madina ma Gassan suka fi jin tsoro kafin su ambaci sojan Hiraƙlu. Sayyidina Umar ya ruwaito cewa a lokacin ana ta raɗe-raɗin Gassan na yi wa dawakinsu takalmi domin su kawo hari, shi ya sa daren da maƙwabcinsa Ba'ansare ya buga masa ƙofa da ƙarfi yana cewa babban al'amari ya faru, tambayar farko da ya yi ita ce ko Gassan ne suka iso.