Abin da rashi ya yi wa alƙalamina

A 2020, da Djaïli Amadou Amal ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandaren Faransa da littafinta Les Impatientes, maganar da ta fi yawo a ɗakin malamai nan Marwa ta Kamaru ita ce, "Ai wahalar da ta sha ce ta zame mata alheri." Ni dai maganar ba ta taɓa kwanta mini ba. Daga unguwar Domayo zuwa ta Kakatare, mata nawa aka aurar suna kuka, nawa ake jibga a ɗaka? Da wahala kaɗai ke sa rubutu, da kowane gida yana da marubuciya.

Amal 'yar garin nan ce, an haife ta a 1975. Tana da shekara 17 aka yi mata auren dole. Aure na biyu kuma ya zo da duka, har ta tattara ta tafi Yawunde, ta sayar da gwala-gwalanta ta sayi kwamfuta da tebur da kujera. Littafinta na farko, Walaande, sai a 2010 ya fito, kusan shekara 18 bayan wancan auren. Munyal ya biyo baya a 2017, shi ne aka sake gyarawa ya zama Les Impatientes. Shekarun nan na karatu da zaman kujera su ne masu yabon wahala suke tsallakewa.

Inda nake ganin sawun abin da ta sha, shi ne Safira. Mata uku ke ba da labari a littafin, Ramla da Hindu da Safira, uwargidan da aka yi wa amarya da Ramla. Marubucin da ke leƙen gidan kishiyoyi daga waje zai mai da uwargida muguwa, mai bin bokaye, ya wuce abinsa. Amal ta bar ta ta bi su, ta ƙulla makircinta son ranta, amma ta ba ta baki ta faɗi tsoron da ke cin ta. Kana jin haushinta, kana tausayinta, ka rasa wanda za ka ɗauka. Wannan sai wanda ya kwana a irin gidan.

Ni nawa rashin daban ne. 'Yata ce, zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke ta cikin damina. Kafin nan ina sa gajerun labarai a Facebook, kuma in na gaji da mutum a labari layi ɗaya ya ishe ni: Allah ya yi masa rasuwa, aka kai shi makwancinsa. Yanzu hannuna ba ya yarda. Na san sai an aika kasuwa sayen likkafani, kuma sai an rasa wanda zai je. Na san maƙwabta ke ɗora tukunya a kwanakin farko, bayan addu'ar bakwai kowa ya koma gidansa, tsakar gida ta yi fayau. Na san tela yana iya aiko yaro da ɗinkin Sallar wadda ta rasu, da saƙon a ba da cikon kuɗi, shi bai ji ba. Goggo ce ta karɓi ledar a ƙofa, ta biya, ta ɓoye mini ita har bayan arba'in.

Akwai kuma abin da rashin ya ƙwace, wanda ba a cika faɗa ba. Da na iya rubuta surutun yara, shirmensu da gardamarsu a kan tsire ko ƙosai. Yanzu yaran labaraina duk sun zama masu hankali, ba sa ƙiriniya, kuma na san labaran sun yi rauni ta nan.

Yayata, wadda ke fara karanta duk abin da na rubuta, ta ce, "Ke kin cika tsawaita zaman makoki, mutane soyayya suke nema."

Na ce, "Yaya, akwai biki a babi na gaba."

Ta karanta ta dawo mini da shi, ta ce bikin ko rabin makokin bai kai ba, in ƙara masa kiɗa da 'yan faɗan dangin ango.